Wayoyi sun ƙi kaiwa sabon DB, in yi joyin ne ko yaya?

Auta Mai Wayarin: Slm iyayen gida da ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema kuma da gaggawa don gidan mutane na cikin duhu. Na karɓi aiki a wani tsohon gida nan Kaduna, irin gidajen ma'aikatan nan na zamanin Gowon, mai gidan yana so a cire mishi tsohon akwatin fiyus na ƙarfe mai fiyus ɗin tangaran da ake ɗaura wa siririyar waya, a saka DB, wato akwatin rarraba wuta na zamani mai bireka. Na sauke tsohon sai na tarar wayoyin duk gajeru ne, wanda ya yi aikin da can ya yanke su daidai wuyan fiyus kamar an ce mishi waya za ta ƙare a duniya. Layi takwas ne, jajayen wasu na kaiwa da ƙyar, baƙaƙen kam ko kusa, akwai wanda ya rage kamar inci shida kafin ya taɓa sandar nutural. Ogana ya yi tafiya wayarshi ba ta shiga. Ya zan yi?

Bakatsine: Wslm. Wannan har abin tambaya ne? Fere bakin, ƙara guntu, murɗa da fulaya, naɗe da salatif, tura cikin bango ka rufe DB ɗinka ka karɓi kuɗinka. Kullum shi muke yi.

Injiniya Bazazzagi: Auta dan Allah kar ka yi abin da Bakatsine ya ce. Bari in idar da sallah in dawo in maka bayani.

Bakatsine: Toh ƴan boko sun iso 😂

Baba Na Tudun Wada: Yaro kafin komai, ka tabbatar babu wuta a wurin? Ba kashe makunni kawai ba. Gidajen yanzu wuta ta hanya uku take shigowa, ga ta kamfani ga janareta ga inbata, ka kashe guda ka saki jiki ɗayar ta biyo ta baya ta make ka. Kuma kar ka yarda da tastar nan mai ƙwai a gindi ita kaɗai, sa mita ka auna tsakanin kowace waya da ƴar uwarta. Abin da ke gaban mitar biyan kuɗin wuta kuwa da hatimin da ke jikinta ba naka ba ne, na kamfani ne, kar ka taɓa.

Auta Mai Wayarin: Na kashe Baba, na cire batirin inbata ma, janareta kuma na zare filoginshi gaba ɗaya. Ngd.

Injiniya Bazazzagi: Yauwa na dawo. Maganar gaskiya ƙara wa waya tsawo ba haramun ba ne, ana yi ko ina a duniya, abin dubawa shi ne da me aka haɗa kuma a ina aka ajiye haɗin. Matsalar murɗi da salatif ita ce ba abin da ke matse wayoyin biyu sai ƙarfin hannunka na ranar. Kofa in ya ɗau zafi yana buɗewa in ya huce ya tsuke, yau da gobe murɗin ya yi sako-sako, iska ta shiga fuskar kofan ta yi baƙi, wutar ta fara wucewa da ƙyar, wurin ya ƙara zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, haka abin ke ta ciyar da kanshi. Ga lissafi mai sauƙi, a ce joyin ɗin ya samu turjiya ta om 0.1 kacal, lodi kuma am 20 ne kamar an kunna hita da dutsen guga, 20 sau 20 sau 0.1 ya ba ka wat 40. Wat 40 a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba, ka tuna ƙwan fitila na da mai wat 40 ko iya riƙe shi ba ka yi in ya jima a kunne, to shi ka naɗe da salatif ka tura cikin bango. Robar waya kuma digiri 70 aka yi ta ta ɗauka. Abin da ya fi ban tsoro, sabon birekan da mai gida ya kashe kuɗi ya saya ba zai ga komai ba, shi am yake ƙirgawa, am 20 ne ke wucewa bai wuce ƙa'ida ba, don haka yana nan a tsaye ƙyam har silin ya kama.

Bakatsine: Injiniya ni shekarata goma sha ina murɗawa ba gidan da ya taɓa ƙonewa.

Injiniya Bazazzagi: Wanda aka kira ka aka faɗa maka dai. In gida ya kama cewa ake yi wuta aka kawo mai ƙarfi, ba mai tono bango ya nemo joyin ɗinka.

Baba Na Tudun Wada: A nan zan ɗan saɓa da ku duka biyun. Murɗi ba shi ne laifi ba, barin shi haka nan ne laifi. Wanda ya koya min aiki tun zamanin ECN, tsohuwar hukumar wutar lantarki, ya fara, kafin a haɗe ta da hukumar madatsun Neja a samu NEPA a 1972, kuma in ka yi joyin a gabanshi ba ka bi shi da dalma ba wlh sai ka sha ranƙwashi. Za ka kankare kofan ya yi fes, ka saƙa silin wannan cikin na wancan, ka zuba dalma ta ratsa ciki, sannan ka naɗe. Irin wannan joyin ɗin na sha tarar da shi bayan shekara talatin yana nan kamar jiya aka yi. Yaran yanzu sun ɗauki rabin aikin sun bar rabi, su murɗa sau uku su naɗa salatif ɗin da rana ɗaya ta watan Afrilu ta ishe shi ya saki.

Na Bamingam: Slm jama'a, ina ta karantawa daga wurin aiki. Baba ya yi gaskiya, ko a littafin ƙa'idar wayarin na nan Ingila, BS 7671, haɗin da aka yi da dalma yana cikin waɗanda aka yarda da su. Wannan matsalar ta Auta mu nan kusan kullum sai mun gamu da ita, saboda gidajen da ke da tsohon akwatin Wylex mai fiyus ɗin waya har yanzu suna da yawa, kuma kebul ɗinmu mai falle uku ne a cikin riga ɗaya an bi da shi cikin bango da ƙarƙashin katakon daɓe, ba ya jawuwa. Doka mai lamba 526.3 ta ce duk wani haɗi dole ya kasance inda za a iya kaiwa a duba shi a gwada shi, sai ƴan kaɗan da aka keɓe, irin wanda aka matse da abin matsa na musamman, ko na dalma, ko akwatin haɗi mai tambarin MF wanda ba ya buƙatar a dawo a ƙara ɗaure shi. Ma'ana duk abin da ke da sukuru ba a binne shi, don sukuru yana kwancewa. Abin da na fi yi in layuka da yawa ne suka gaza, sai in kafa wani ƙaramin akwati a saman DB ɗin daidai inda tsofaffin wayoyin suka tsaya, in jera tamina, wato mahaɗan waya, irin masu hawa kan reli a ciki, kowace waya da tata, in rubuta mata lamba, daga nan in sauko da sababbin wayoyi zuwa bireka. In guda ɗaya ko biyu ne kuma akwai fili a cikin DB ɗin sai in sa ƴar kwanektar nan Wago a ciki kawai.

Bakatsine: Malam nan fa ba Ingila ba ce. Ku can kuna da sanyi da kuɗi.

Na Bamingam: Haba Bakatsine, soket mai ƙafa uku na am 13 da kake sakawa kullum na ina ne? Akwatin da Auta ya sauke ma in ya duba murfin zai ga a nan aka ƙera shi. Tsarin wayarin ɗin Najeriya gadon nan ne. Bambancin kawai mu an canza mana launi tun 2004 ya zama dole a 2006, layif ruwan ƙasa nutural shuɗi, ku kuma har yanzu ja da baƙi sun fi yawa. Kuma zafin da kake magana ai shi ya sa ku kuka fi mu buƙatar a yi abin da kyau.

Auta Mai Wayarin: Yaya Na Bamingam Wago ɗin nan zai ɗauki lodin soket kuwa? Ni kallon abin wasan yara nake mishi.

Na Bamingam: Zai ɗauka in na gaske ne kuma ka zaɓi daidai. Samfurin 221 mai ɗan hannu ruwan lemo, ƙaramin yana cin waya har 4mm kuma am 32 aka rubuta mishi, babban yana cin har 6mm am 41. Sifirin ne a ciki yake danne wayar kullum, ko ta buɗe ko ta tsuke yana biye da ita, shi ya sa ba ya kwancewa kamar sukuru. A gefenshi an zana tsawon da za ka fere, ka bi shi, kar kofa ya leƙo waje kar kuma roba ta shiga cikin maƙoshin. Amma fa ba a barin shi yana lilo a fili, dole cikin akwati mai murfi.

Sarkin Sola: In na gaske ne, nan ɗin ne gizo ke saƙar. Kasuwa cike take da masu kama da shi ba suna ba lamba, ka ɗaga hannun sau biyu ya karye. Na taɓa cire wani daga bayan inbata ya narke ya zama kamar cingam. In ba ka da amintaccen mai shago gara ka nemi tamina mai reli ko kwanekta mai kauri ta tagulla ka sa a akwatin da ake iya buɗewa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada, abin da kuke ce ma kwanekta mu domino muke cewa, kuma shi kowa ke amfani da shi cikin buwat, wato akwatin haɗin waya. Ba laifi gare shi in an ɗaure da kyau kuma an bar murfin buwat ɗin a waje, matsalar masu fenti da masu fulasta ne, ka bar murfi su zo su shafe shi da siminti, bayan shekara biyu wuta ta ɗauke a ɗaki guda kana ta ƙwanƙwasa bango kamar mai neman aljani. Wani abu kuma, waya mai sili-sili in ka danna mata sukurun domino kai tsaye yana yanke silin, a sa mata ɗan kwalkwalin ƙarfen nan a baki a matse kafin a ɗaure.

Baba Na Tudun Wada: Duk kun yi nisa kun bar tambaya ta farko. Auta, wayoyin nan a cikin me suke? Fayif ne ko an binne su haka?

Auta Mai Wayarin: Cikin fayif ne Baba, na ƙarfe, falle ɗai-ɗai.

Baba Na Tudun Wada: To ka gani. Mutumin Ingila joyin ya zame mishi dole don kebul ɗinshi ba ya motsi, kai naka a fayif yake. Joyin ɗin da ya fi kowanne kyau shi ne wanda ba a yi ba. Na farko ka hau silin ka duba, sau da yawa akwai rara a akwatin farko, ka ɗan ja a hankali ta sauko. Na biyu wa ya ce dole DB ya zauna daidai inda tsohon akwati ya zauna? Ɗaga shi sama inci huɗu ko biyar zuwa wajen da fayif ɗin suka fito, rabin matsalarka ta tafi. Na uku wanda ya gaza duk da haka, ka nemo akwatin farko da layin ya faɗa, ka ɗaura sabuwar waya a bakin tsohuwar ka ja tsohuwar ta fito ta jawo maka sabuwar, ka samu waya ɗaya miƙaƙƙiya daga soket har bireka. Sai wanda ya ƙi jawuwa saboda tsatsa shi za ka yi wa haɗi.

Injiniya Bazazzagi: Wannan ita ce magana. Abin da babba ya hango. Sai dai in ƙara, kar a ɗaga DB ɗin har ya zama sai an taka kujera kafin a kai hannu, ranar da wani abu ya faru mace ko yaro ne za su ruga su kashe.

Hajiya Mai Gidan Haya: Ku yi haƙuri ni ba ma'aikaciya ba ce ƙanena ne ya saka ni a nan saboda yawan tambayata. Ni gidana na Zariya irin wannan akwatin ne kuma shekara da shekaru yana aiki, in fiyus ya tsinke ƴan haya su ɗaura waya wuta ta dawo. Mene ne amfanin canzawa in har canzawar ma ga irin rigimar da take jawowa?

Injiniya Bazazzagi: Hajiya ranki ya daɗe, amsar tana cikin maganarki, ƴan haya su ɗaura waya. Wace waya suke ɗaurawa? Fiyus ɗin nan kowanne da girman wayar da aka yi mishi, shi ya sa ake musu ɗigon launi, fari am 5 na fitilu, shuɗi 15, rawaya 20, ja 30. Wayar an yi ta ne ta zama ita ce mafi rauni a gidan don ta tsinke kafin ta cikin bango ta yi zafi. To ɗan haya ya gaji da tsinkewa sai ya samo sili uku na kofa ya ninka, na taɓa ganin ƙusa wlh, daga ranar fiyus ya fi wayar bango ƙarfi, ita ce za ta zama fiyus ɗin. Ko da wayar daidai aka sa ma, irin wannan fiyus sai wuta ta kusa ninka abin da aka rubuta kafin ya tsinke da wuri. Sannan ba ruwanshi da mutum, in wuta ta kama yaro a jikin firij fiyus ba zai ko motsa ba. Sabon DB ana sa mishi RCD, wanda a kasuwa za ki ji ana ce mishi ELCB, shi kwatanta wutar da ta fita ta layif yake da wadda ta dawo ta nutural, in bambancin ya kai miliam 30 ya yanke nan take.

Hajiya Mai Gidan Haya: Innalillahi, ƙusa? Bari in aika a dubo min nawa yau ɗin nan.

Auta Mai Wayarin: Jama'a wani abu kuma, na fere bakin wayoyin soket ɗin na ga fari ne kamar azurfa kuma sili bakwai ne. Kar dai alminiyam ne? In alminiyam ne ai ba zan haɗa da kofa ba ko?

Sarkin Sola: In alminiyam ne kam kar ka haɗa kai tsaye, su biyun ba sa zaman lafiya, danshi na taɓa su alminiyam ɗin ya fara cinyewa ya zama gari, sai da kwanekta ta musamman da aka yi don haka.

Baba Na Tudun Wada: Kwantar da hankalinka. Yanke bakin da fulaya ka kalli cikin, in ja ne to kofa ne aka yi mishi wankan kuza, haka wayoyin da suke. Wannan mai sili bakwai ita muke ce ma 7/029, ta fitila 3/029, ta kuka 7/044. Waya ce ta gaske ba irin ta yanzu ba.

Auta Mai Wayarin: Ja ne a ciki Baba 🙏

Sarkin Sola: Ka ga ikon Allah, ta da fari a waje ja a ciki, ta yanzu ta bogi ja a waje fari a ciki 😂 Auta guntun da za ka ƙara shi za ka yi wa wannan gwajin, akwai alminiyam da aka shafa wa kofa yana yawo a kasuwa, kankare shi da wuƙa in ka ga fari ka mayar musu, ko ka sa mishi ashana za ka ga silin ya lanƙwashe ya zube. Nemi ta kamfanonin gida da aka sani mai tambarin SON.

Injiniya Bazazzagi: Kuma ka kula da kauri. 7/029 in ka lissafa kusan 3mm ce, ta ɗan fi 2.5 ɗinmu, don haka ni 4mm zan ƙara mata in tamina za ta ci, ƙa'idar dai guntun da ka ƙara kar ya fi na asali siranta. 3/029 ba ta kai 1.5 ba, sai ka ƙara da 1.5 ka sa mata bireka am 6. 7/044 ta kusa 7mm. Bireka kuma waya yake karewa ba kayan gida ba, a kan mafi siranta a layin ake zaɓenshi, kar mai gida ya ce maka sa 32 ko ina don kar ya riƙa faɗuwa. Ka tuna teburin am ɗin da kowace waya ke ɗauka da ke cikin littafin ƙa'ida a kan zafin digiri 30 aka yi shi, a digiri 40 sai ka ninka am ɗin da 0.87, cikin silin ɗin kwano kuwa da azahar a watan Afrilu ya wuce haka nesa.

Na Bamingam: Ƙarin abu ɗaya, in ka ga jajaye biyu sun fito daga fiyus ɗaya mai am 30, zobe ne, layin ya fita ya zaga soket-soket ya dawo. Ƙafafun biyu dole su koma bireka ɗaya kuma in za ka ƙara tsawo ka ƙara wa kowace daban, kar ka haɗe su biyun a kwanekta ɗaya ka sauko da siririyar waya guda. Ka auna da mita ka ga zoben bai tsinke a hanya ba, layif da layif, nutural da nutural. In ya tsinke ba ka gano wurin ba to ba zobe ba ne kuma, 32 ta yi mishi yawa, sauko 20.

Bakatsine: Duk wannan dogon turancin nawa za a biya yaron? Ku kuna magana kamar mai gida zai buɗe asusu. Aikin da aka yi ciniki a kan sauya akwati kawai.

Auta Mai Wayarin: Wlh nan kam Bakatsine ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi, na yi ciniki kafin in buɗe murfin.

Baba Na Tudun Wada: Kuskuren da kowa ya taɓa yi ne sau ɗaya. Ba a cinikin tsohon gida daga tsakar gida. Je ka kira mai gidan ka nuna mishi da idonshi, gani ya kori ji, ka ce ga abin da aka tarar ga hanya biyu ga kuɗin kowace. Mutumin da ya yi tunanin canza akwati da kanshi ba wanda ya tilasta shi ba zai ƙi jin magana ba.

Bakatsine: Ko kuma ya kira wani ya murɗa mishi a rabin kuɗi.

Injiniya Bazazzagi: Wanin ai mun san shi.

Bakatsine: Injiniya ka fa kiyaye ni, kai da ko guduma ba ka taɓa riƙewa ba sai biro.

Admin: Dan Allah a tsaya kan aiki. Kowa a nan uban gidan wani ne. Wanda ya sake zagi zan ba shi hutun kwana uku.

Auta Mai Wayarin: Slm, ga yadda ake ciki tun jiya. Mai gida ya hau tsani da kanshi ya gani ya yarda zai ƙara kuɗin kaya. Na ɗaga DB inci huɗu kamar yadda Baba ya ce, layi huɗu suka kai ba tare da komai ba. Biyu na ja sabuwar waya ta cikin fayif daga akwatin farko, ɗaya ta zo da sauƙi ɗayar sai da muka yi ta fama ni da yarona. Ɗaya na kicin ya ƙi motsi sam, shi na yi wa ƙaramin akwati a sama da tamina mai reli na rubuta lamba. Na takwas ɗin na fitilun baya ne, shi rigar roba ce irin ta taya ba irin sauran ba, ina lanƙwasa ta sai ta farfashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli, na ce wa mai gida wannan ba abin da zan ƙara wa tsawo sai dai sabo, na bar shi a cire tukuna. Amma ga sabuwar rigima, ina ɗaga RCD yana tsayawa lafiya, da an kunna firij ko dutsen guga sai ya faɗi. Na sake duba haɗina sau uku ban ga komai ba.

Bakatsine: Cire RCD ɗin ka haɗa kai tsaye. Wannan abin ba ya zama a tsohon gida, kowa ya sani.

Na Bamingam: Kar ka cire. Ba lalacewa ya yi ba aikinshi yake yi, ya ga abin da fiyus ya shekara arba'in bai gani ba. Yadda ka kwatanta, ba lodi ya tsaya da lodi ya faɗi, ya fi kama da nutural na taɓa at, wato layin da ke kai wuta ƙasa, a wani wuri. Wutar da ya kamata ta dawo duka ta nutural wani kaso na zillewa ta jikin fayif, RCD ya ga lissafi bai cika ba. Kuma kar firij ɗin ya ruɗe ka, laifin zai iya zama a wani layin daban tunda duk nutural ɗin a sanda ɗaya suke. Kashe komai, zare kayan da ke jikin soket da ƙwayayen fitila, cire nutural ɗin daga sanda ɗaya bayan ɗaya ka sa mega, na'urar gwada ko rigar waya na yoyon wuta, a bolt 500 tsakanin kowanne da at. Ƙasa da megaom 1 bai ci jarrabawa ba, mai laifin ma za ka ga kusan sifili zai nuna. Gsky wannan gwajin kafin a sauke tsohon akwati ake yinshi.

Sarkin Sola: Ka leƙa canji-oba ma. In layif kaɗai yake yankewa ya bar nutural ɗin janareta ko na inbata a haɗe da na gida, shi ma yana kawo irin wannan faɗuwar.

Auta Mai Wayarin: Ba ni da mega Yaya, sai dai in aro.

Injiniya Bazazzagi: Ina Kaduna gobe in sha Allah, zo Kawo da safe ka karɓi tawa ka dawo min da ita kafin la'asar. Ka gwada sandar at ɗin gidan ma tunda ka samu, tsofaffin gidajen nan da yawa fayif ɗin ne kawai at ɗinsu kuma tsatsa ta cinye mahaɗan.

Auta Mai Wayarin: Alhamdulillah an kama ɓarawon. Layin fitilun falo ne, mega ta nuna sifili. Na bi shi cikin silin sai ga wani joyin a akwatin ƙarfe ba murfi, wani ya taɓa ƙara fanka ya murɗa nutural uku wuri ɗaya ya naɗe, salatif ɗin ya bushe ya zame kofan na kwance a jikin ƙarfen, gefen katakon da ke kusa har ya yi baƙi. Na yanke na gyara da kwanekta na sa murfi, yanzu firij da dutsen guga da hita duk a kunne RCD ko gezau. Na ɗauki hoto na nuna wa mai gida ya daɗe yana salati. Canji-oban lafiyarshi ƙalau, sandar at kuma babu ita sam, gobe za mu kafa.

Baba Na Tudun Wada: Joyin ɗin da dalma a jiki?

Auta Mai Wayarin: Babu Baba, murɗi ne zalla.

Baba Na Tudun Wada: To ba aikinmu ba ne.

Sarkin Sola: Bakatsine ko ka taɓa aiki a Kaduna? 😂😂

Bakatsine: Ban taɓa ba. Kuma ni nawa murɗin sau bakwai nake yi.

Hajiya Mai Gidan Haya: An dubo min nawa, ba ƙusa ba ce, wayar hanga ce ta rataye kaya aka lanƙwasa aka sa a guda biyu. Auta kana zuwa Zariya?

Auta Mai Wayarin: Ina zuwa Hajiya, amma sai na buɗe murfin na gani kafin mu yi ciniki.